Hancin Jirgin Tayyiba

Maigidana Munzali mutumin Malumfashi ne, ni kuma Furera 'yar Funtuwa. Ruwan da muka sani shi ne na randa. Ya yi shekarunsa yana zanen gadoji a wani kamfani a Washington, kullum a jirgin ƙasa na Metro safe da yamma, bai taɓa tsoma ƙafa a kogin da yake ɗora wa gada ba.

Sai ga autarmu Tayyiba ta shiga tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a kogin Potomac, irin mai kwalekwale biyu a haɗe. Da Munzali ya yi ritaya, ta roƙe shi ya ƙera mata nata. Wayyo, mutumin nan har rawa ya taka! Yarinyar da ko hira ba ta zama yi da mu, ga ta kullum a garejinmu na Gaithersburg tana miƙa masa kusa.

Ya yi mana bayani: siririn hanci yana yanka ruwa da gudu, amma yakan nutse ya kifar da jirgi. Mai faɗi ba ya kifewa, sai dai nawar tafiya.

Ni kalmar "kifewa" kawai na ji. Na ja kujera na kafa a garejin.

"Malam, ƙara wa hancin faɗi."

"Furera, tsere fa za ta yi."

"'Yar da na haifa? Ƙara!"

Shi ma tsoron yake ji, kada ya ruɗe ku. Da na matsa, sai ya ƙara har da gyara.

Ranar tsere muka je da fulas ɗin shayi. Jiragen mutane suka wuce fiu. Namu kuwa yana tafe kamar kwandon wanki, har agwagwa ta sha gabansa. Ni ko kunya, ina ta tafi, tunda 'yata a bushe take.

Munzali bai tafa ba. Ya ce a hankali, "Shi ke nan, ba za ta sake neman aikina ba."

Washegari muka tarar da ita a gareji. Tayyiba da sai dai a yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ta miƙa masa abin fiƙe katako ta ce da Hausa, "Baba, rage. Na iya iyo."

Ya kalle ni. Na ɗauke kujerata na koma kicin. Daga can nake jin yana kankare hancin, ina yanka albasar da babu abin da zan dafa da ita.