Gilashin da Ya Riƙe wa Sama'ilu Wata

Sama'ilu taubashina ne, don haka ba zan yi masa kwaskwarima ba. Gajere ne, ga taurin kai, kuma shekara talatin yana gyaran keken ɗinki a bakin kasuwar Roni. Abu ɗaya ne ba a ja da shi a kai, ganin wata. Tun muna samari, duk ranar ashirin da tara zai hau dutsen bayan gari kafin magariba, kamar yadda mahaifinsa ya yi, in kuwa ya ce ya gani, magana ta ƙare.

Sai shekara huɗu da ta wuce, ranar duban watan Sallah. Ya miƙa yatsa ya ce ga shi can. Mu tara ne a kan dutsen, babu wanda ya gani. Alhaji Ashiru, mai rubuta sunayen shaidu ya kai wa hakimi, ya rufe littafinsa ya ce, "Malam Sama'ilu, shekaru ne. Furfurar girarka ka gani." Aka kwashe da dariya, har da ni, Allah ya yafe mini. Washegari muka tashi da azumi, a kasuwa kuma aka laƙaba masa Mai-gira. Abin ya ci shi ƙwarai. Mutumin da bai taɓa rantsuwa a kan wata ba, sai ga shi ko ya rantse ba mai ɗaga kai.

Wanda ya tausaya masa Mista Joseph ne, tsohon malamin kimiyya a Kazaure, wanda Sama'ilu ya daɗe yana gyara wa matarsa keke. Da ya yi ritaya zai koma garinsu, sai ya bar masa madubinsa na hangen nesa, da sharaɗin kada ya kuskura ya juya shi yamma sai rana ta faɗi. Ni na ɗauko shi a babur, tsawonsa ya kai na taɓarya. A gindinsa akwai ɗan ƙaramin gilashi da ake cirewa a mayar, inda mutum ke ɗora ido, an rubuta goma a jikinsa.

Kayya, ashe wahala muka ɗauko! Sama'ilu zai yi ta lalube, sama fara fat. In ya dace ya kama watan, gefe kaɗai yake gani, kafin ya ce "zo ka gani" ya zame ya fice. A duban watan azumi na farko da madubin, ya kira Alhaji Ashiru har sau biyu. Alhaji ya leƙa ya ɗago ya ce, "Ni dai fari nake gani." Bai yi dariya ba a ranar, kuma hakan ya fi ciwo.

Ni na zuga shi a kuskuren da ya biyo baya. Na ce, "Kai ma dai, Mai-gira, gilashin ne ba ƙarfi. Wa ke sayen tocila mai dishi-dishi?" Ya yarda. Ya sa 'yarsa Ikilima da ke aure a Kano ta nemo masa mafi ƙarfi, ta aiko da mai lamba shida. Wallahi da wannan ko ƙarfen sabis na kan tudu sai da muka sha fama kafin mu kama shi, kuma ko tari ka yi sai komai ya yi ta rawa.

Na ce ya haƙura. Ya ce in yi masa shiru, ya buga wa Mista Joseph waya a gabana.

"Kash, Malam Sama'ilu!" in ji Mista Joseph. "Ai baya ka koma. Madubinka dogo ne, shi da kansa yana jawo abu kusa. Lambar tsawonsa dubu ɗaya da ɗari biyu, ka raba da lambar gilashin. Mai lamba shida, sau ɗari biyu yake ƙara wa abu girma, ina wata zai shiga? Nemi mai talatin da biyu, ƙarfi kaɗan, fili da yawa."

"To me zai hana mai arba'in?" in ji Sama'ilu, don dole sai ya ja.

"Auna bakin da gilashin ke shiga tukuna."

Ya zaro tef ɗin tela daga aljihu ya auna, inci ɗaya da kwata. Mista Joseph ya ce a wannan ƙaramin baki mai arba'in ba zai ƙara masa fili ba, sai dai ya ƙanƙance masa watan. Sama'ilu ya rubuta komai a bayan kwalin allura ya aika wa Ikilima hotonsa. Sau biyu ana kawo wanda bakinsa bai dace ba, sau biyu yana mayarwa, har Ikilima ta ce, "Baba, don Allah ka bar ni in huta." Bai bar ta ba.

Da na daidai ya iso, na ce, "Yanzu fa? Raunanniyar aba ka zaɓa, kamar kai." Ya ɗaura shi a madubin abinsa. Duk ƙarshen wata, har waɗanda ba mai damuwa da su, sai na kai shi dutsen. Ya shafa fenti inda ƙafafun madubin za su tsaya, ya lura da inda rana ke faɗuwa, ya koyi ɗaga bututun daga nan a hankali. Wata bakwai muna haka, ga ciwon gwiwarsa, ga mitata.

Ranar duban watan Sallar bana mu goma sha ɗaya ne, ga zafi, ga ƙishirwa. Rana ta faɗi, muka sha ruwa, shi ko dabinon da na miƙa masa yana riƙe da shi a hannu. Ya sunkuya ya daɗe, sannan ya ja da baya, bai nuna komai da yatsa ba.

"Alhaji, bismilla. Kada dai ka taɓa bututun."

Alhaji Ashiru ya gyara hula, ya cire tabarau, ya goge ido, duk a natse, ni kuwa ina cewa a raina yanzu watan zai zame. Ya leƙa. Sai ya ce, "Allahu akbar. Ga shi nan gaba ɗayansa, siriri kamar zare." Mutum na biyu ya leƙa, na uku ya leƙa, watan yana nan bai fita ba. Alhaji ya buɗe littafi ya rubuta sunan Sama'ilu a sama, nasa a ƙasa, ya ce, "Malam, ka yafe mini waccan shekarar."

"Ba komai, Alhaji."

A hanyar gida na ce, "To, Mai-gira, ka wanke kanka. Ashe waccan shekarar ma gaskiyarka ce."

Sai da muka kusa shiga gari ya amsa, yana rungume da madubin a bayana a kan babur.

"Musaddiƙ, waccan shekarar ni ma har yau ban sani ba ko na gan shi. Shi ya sa na nace sai wani ya leƙa."