Tafin Ƙafar Geum-rye

Ni na fara gane ko wace ce Pyo Geum-rye, tun kafin kowa a garin Taebaek ya iya sunanta. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ta shigo unguwarmu da bokiti da guntun tiyo, maza na dariya wai mace za ta gyara bututun ɗumama ɗaki. Na ce su jira su gani. Ni Bang Deok-chil ban yi boko ba, amma wanda ramin kwal ya rufta da shi kwana huɗu ya fito da ƙafarsa, ya san ma'aikaci idan ya gan shi.

Da sanyi ya kawo kai, tun da safe take bin gidaje. Tana shiga sai ta tuɓe takalmi har da safa, ta taka daɓen a hankali. Ruwan zafin da ke zagayawa a ƙarƙashinsa, duk inda iska ta tare masa hanya, tafin ƙafarta ke gaya mata. Sai ta durƙusa gindin wurin wanke-wanke, inda famfunan bututun ɗakuna suke, ta rufe su ta bar ɗaya, ta ƙara ruwa a tukunyar ɗumamawa mai aiki da kananzir, ta saki tiyo cikin bokiti. Bututu ya yi ta tari yana tofar da jan ruwa mai tsatsa, har ya zubo garau. Ɗaki bayan ɗaki. Ku tambayi tsohuwar gidan Maeng, wadda daddawar waken soyarta ta ƙi nuna a kan daɓe mai sanyi. Yanzu warinta har titi.

Bara abin ya zo kaina. Ɗakina ya koma kamar dutse. Ɗana Yong-pal ya zo daga Seoul da wani mai gyara riƙe da jaka, wanda ya ce sai an fasa daɓen duka. Ɗan nawa ya ce ba sai an fasa ba, in haɗa kayana kawai, ɗaki a hawa na goma sha bakwai na benen da yake zaune na jirana. Ni da ƙasa ta kasa riƙewa, za a shanya a sama kamar wanki.

Na aika aka kira Geum-rye. Ta taka ɗakin sau ɗaya, ta leƙa famfunan.

"Baba, wa ya rufe na ɗakunan yara?"

Na ce tattalin kananzir nake yi.

"Shekara uku kana tara iska. Sayarwa za ka yi?"

"Yi aikinki, 'yar nan. Bakinki ya fi tiyon zuba."

Ta buɗe su, ta saki tiyo cikin bokiti. Kafin shinkafa ta nuna, Yong-pal da ke zaune a ƙasa ya fara gyara zama. Ya cire rigar sanyi. Can sai ga shi miƙe yana minshari kamar yadda yake yi yana ɗan shekara shida. Washegari ya koma da tulun kimchi, kabejinmu mai tsami da yaji, ba da ni ba.

Geum-rye, ke ce mai ji da ƙafa. Ke ce kika bar ni a gidan da na gina da hannuna. Bana gwiwoyinki sun ce ya isa, kin rataye tiyo. Mun gode, ni da duk tsofaffin da ke kwana da ɗumi a bayansu. Masu tasowa a sana'ar nan, ku tuɓe safa kafin ku ɗauki guduma.

Wanda ya ce na ƙara gishiri, ƙofata a buɗe take. Ya zo ya zauna a daɓena rabin awa. In bai ɗaga ɗuwawu don zafi ba, da kaina zan hau motar Seoul.