Jan Furen Orpha Tackett

Shekara talatin Orpha Tackett ta yi tana dafa wa 'yan makaranta wake da burodin masara a wani ƙauye cikin tsaunukan West Virginia, kuma kowa ya san ba a taɓa ta a kwana lafiya. Abu ɗaya take lallaɓawa a duniya: kolumbin na daji, wani guntun fure ja mai rawayan ciki da sunkuyayyen kai. Marigayiya uwarta ce ta bar mata irinsa. Ƙanƙara na narkewa yake fitowa, ko gwiwa ba ya kaiwa.

Maƙwabciyarta Vonda Skeens kuwa farin kolumbin na kanti take shukawa, tana raba irinsa a coci ana zuba mata yabo. Ranar baje kolin furanni, Vonda ta sauke tukunyar Orpha daga tebur a gaban jama'a.

"Haba 'yar'uwa, ciyawar bakin titi kuma? Ai ko akuya sai ta yi shawara."

Aka kwashe da dariya. Orpha ta rantse a ranta sai ta rama.

Ta jera tukwanenta a jikin shinge, dab da fararen na Vonda, ta rataya ruwan sukari don 'yan tsuntsayen nan masu tsotsar fure. Ta san halinsu sarai, su da ƙudan zuma: a tsoma baki nan, a tsoma can, iri ya gauraye. Shekara biyu tana gaida Vonda da fara'a, tana jira.

A bazara ta uku, duk gidan da ya karɓi irin Vonda sai ga fure launin ruwan wankin nama. Matar fasto ta ce an cuce ta. Wata guda Vonda ba ta taka coci ba. Daɗi kamar ya kashe Orpha, har gurasar tuffa ta gasa ta aika wa Vonda.

To, amma tsuntsun da ya kai ja can ai yana dawowa da fari nan. Kolumbin ba ya daɗewa, tsofaffin nata sun mutu, 'ya'yansu ne suka tsiro. Da suka buɗe, Orpha ta bi tukwanen nan da rarrafe tana neman ja ko guda ɗaya, ba ta samu ba. Ta zauna a ƙasa tana tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, tana tsine wa Vonda Skeens.