La'asar ɗin Mutanen Jirgi

Shekarun baya, zamanin da tele guda ce a layinmu na Zango, unguwar Hausawa baƙi a garin, kuma tasharta ma guda ce, akwai wani shiri da ake sakawa duk Lahadi da yamma. Labarin wasu mutane ne da duniya ta lalace musu, suka shiga wani makeken jirgi suna yawo tsakanin taurari, suna neman inda za su sauka. An juya shi zuwa Faransanci, irin juyin da baki yakan gama motsi kafin maganar ta iso. Ni a lokacin sabon malami ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a cikin gari, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Ina da jaka mai maɓalli, ina kuma da ra'ayi a kan komai. Shi ya sa aikin tafinta ya faɗo kaina ba tare da an yi zaɓe ba.

Telen ta mahaifina ce. Turare da huluna ya sayar a babbar kasuwar Assigamé har gwiwoyinsa suka ƙi hawa zemijan, babur ɗin haya, sai ya bar wa yayana shagon, ya zama ladanin ƙaramin masallacin da ke ƙarshen layinmu. Ranar Lahadi akan fito da telen baranda, a ɗora ta kan tebur, a jera benci. Dattawan layi su zauna gaba, mata su leƙo ta taga, ni kuma in tsaya a gefe kamar mai fassara wa'azi.

Mahaifina bai taɓa kiran abin jirgi ba. Ayari yake cewa. Kakansa da ayarin goro ya sauko daga arewa, saboda haka labarin mutanen da suka bar gida da kayansu a ka ba baƙo ba ne a wurinsa. Shugaban jirgin shi ne madugu. Likitar jirgin, wadda kullum kanta na rufe da wata farar hula, ya raɗa mata Hajiya. Idan na fara bayanin yadda injin yake ninke sarari, sai ya ɗaga hannu ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mesiye, bar mana karatu. Faɗa mana wa ya yi wa wani laifi."

Matsala ɗaya shirin yake da ita: La'asar a tsakiyarsa take faɗowa. Da lokaci ya yi, mahaifina zai dubi inuwar katanga, ya miƙe, ya kashe telen da hannunsa, domin a ganinsa rashin ladabi ne a bar ta tana surutu ita kaɗai alhali mutane na sahu. Sai ya tafi ya yi kira, kowa ya bi shi. Kafin mu dawo labari ya yi gaba. Wani da muka bari lafiya yana kwance da bandeji, wata duniya da aka kusa sauka an riga an baro ta. Ni ne mai ɗinke ɓarakar da hasashe, kuma ba na jin akwai darasin tarihi da na taɓa koyarwa da ƙarfin zuciya irin wannan.

Wata Lahadi, maƙwabcinmu tela, dattijo mai son gardama, ya ce, "Malam Ladan, mutanen nan naka, tunda muka fara kallonsu ban taɓa ganin goshin ɗayansu a ƙasa ba."

Mahaifina ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Yaushe za ka gani? Lokacin da suke yi kana sahu."

Aka kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ya nuna telen da carbinsa. "Dubi fuskar madugu. Ɗazu da muka tashi a murtuke take, yanzu ga ta a sake. Wannan ai fuskar mai alwala ce."

Na ce, "Baba, to ina alƙiblarsu? Duniyar ai ta ƙone."

"Mutumin da ya ƙera jirgi mai girman Assigamé, abin nuna gabas ne zai gagare shi?"

Daga ranar maganar ta zauna. Idan aka kashe tele, wani zai ce, "Mu je, kada su riga mu sallamewa." Idan muka dawo, tela zai ce limaminsu ya fi namu sauri. Mahaifina kuwa yakan ce ayarin da ba ya tsayawa salla ba ya isa ko'ina, tunda kuwa waɗannan har yanzu suna tafe, to magana ta ƙare.

A makarantarmu ba haka ake magana ba. Can mun sha karatun cewa addini na gida ne, a aji da ofis kowa ɗan ƙasa ne kawai. Na yarda da hakan, na ma iya kare shi da jimloli masu tsawo. Idan La'asar ta riske ni a wurin aiki, nakan shiga ɗakin da muke ajiye taswirori da alli, in rufe ƙofa, in shimfiɗa tsohuwar taswirar da aka daina amfani da ita. Ban taɓa haɗa wannan da zancen jirgi ba.

Ina da wani aboki, mai gyaran rediyo da tele a unguwar Bè. Kirista ne, amma a gindin Zango ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan'uwana, kuma mahaifina "ɗana" yake ce masa. Wata rana wani ya bar masa na'urar ɗaukar kaset bai dawo ba. Da na ga ya gyara ta ta tashi, sai wata dabara mai kyau ta zo mini. Tsohon nan kullum shi ne mai fara tashi, shi ne mai dawowa a ƙarshe, shi ya fi kowa rasa tsakiyar shirin da ya fi kowa so. Me zai hana a ɗaukar masa? Ba gardama nake son ci ba, Allah ne shaida. Kyauta nake son yi masa.

Na faɗa wa mahaifiyata tana tsaka da tankaɗe. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ya taɓa ce maka ya rasa wani abu?"

Na ce, "Mma, ai ba sai ya faɗa ba."

Ta ce to, ta ci gaba da aikinta.

Lahadi ta zo. Abokina ya haɗa wayoyinsa tun da rana, ya lulluɓe na'urar da zane. Aka kashe tele, muka tafi masallaci, shi ya zauna gadin kaset. Da shirin ya ƙare, kafin mutane su watse, na gyara murya na sanar cewa yau, albarkacin ilimin zamani, za a ga abin da bai taɓa ganuwa ba a layin nan. Tela ya ce, "Yau za mu ga liman." Mahaifina ya dubi na'urar, ya dube ni, ya gyara zama.

Hoto ya fito. Babu yaƙi, babu tashin injin. Wata malama ce ta kwaso yaran jirgin, waɗanda a sama aka haife su, ta kai su wani zaure da ake ajiye kayan tsohuwar duniya. Ga keke. Ga tukunya. Ga keken ɗinki, wanda tela ya miƙe tsaye don ya gani, ya ce irin nasa ne sak. Ina fassarawa, ana dariya. Sai suka iso wani akwatin gilashi. A cikinsa akwai gicciye, da ƙaramar ƙararrawa, da wani sassaƙen itace, da carbi a kan darduma a ninke. Wata yarinya ta ɗora hancinta a gilashin ta tambayi mene ne waɗannan. Malamar ta yi murmushi mai taushi, irin wanda ni ma na iya, ta ce mutanen da, idan tsoro ya kama su, waɗannan suke riƙewa, amma yanzu an daina jin irin wannan tsoron.

Mahaifina ya ce, "Tsayar."

Abokina ya danna. Hoton ya tsaya yana rawa a kan carbin.

"Me ta ce?"

Ni da ban taɓa rasa magana ba, sai na ji ina cewa, "Cewa ta yi kaya ne masu daraja, na kakanni, shi ya sa ake..."

"Mesiye," in ji shi, "Faransancina na ciniki ne, amma na sayar wa Turawa turare kafin a haife ka. Na ji ta ce da. Na ji ta ce tsoro."

Ya juya wajen abokina ya ce, "Ɗana, ga naku can kusa da namu."

Abokina ya ce, "Na gani, Baba. Har da na kakata ta Bè, sassaƙen itacen can. Akwati guda aka zuba mu."

Tela ya yi ƙoƙari, ya ce aƙalla suna kula da kayan, ko ƙura babu. Ba wanda ya taya shi. Mahaifina ya matso da fuskarsa kusa da telen, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sabo ne fil. Carbin da aka ja yakan yi duhu da hannu. Wannan ba wanda ya taɓa jansa." Ya ce a ci gaba. Muka kalli saura har inda muka saba dawowa. Madugu ya shiga ɗakinsa, ya wanke fuska a famfo, ya fito. Alwalar ke nan.

Bayan an watse, ina naɗe wayoyi, ya kira ni. Magariba ta kusa. Ya ba ni wani labari da ban taɓa ji daga bakinsa ba, na lokacin da za a tashi tsohon Zango daga tsakiyar gari a dawo da mu nan. Ya ce wani ma'aikaci ya zo musu da zanen yadda wurin zai koma: dogayen gine-gine, itatuwa a jere, ƙananan mutane riƙe da jakunkuna suna tafiya. Shi yana saurayi, ya bi zanen da yatsa yana neman masallaci bai gani ba. Ma'aikacin ya ce kada su damu, an ware musu wuri a bayan gari.

"Ban ji haushinsa ba," in ji shi. "Yaro ne mai ladabi, kamarka. Amma tun ranar na lura masu zana gobe ba su cika zana mu ba. Waɗannan na ayari, na ɗauka sun bar mana ɗan wuri."

Sai ya tambaye ni, "Kai a makarantarku, ina kake yin La'asar?"

"A ɗakin taswira, Baba."

"Yaran suna ganinka?"

"A'a. Rufe ƙofa nake yi."

Ya ce, "To." Ya ɗauki sandarsa ya tafi kiran salla.

Bai hana kowa kallo ba, bai yi fushi da ni ba, ya ma sa wa abokina albarka kan wahalar da ya sha. Lahadin da ta biyo baya ya sa aka fito da tele kamar kullum, amma shi ya wuce masallaci tun da wuri, ya ce gwiwarsa ba ta son benci. Shirin kuwa ba shi da daɗi idan babu mai cewa madugu ya yi wauta. Dattawan suka riƙa raguwa, har ya zama ina fassara wa tela shi kaɗai, shi ma keken ɗinkinsa yake jira ya sake gani. Daga baya aka daina fito da telen. Mahaifina ya ci gaba da kiran salla har muryarsa ta ƙare, bayan wasu shekaru Allah ya karɓi abinsa. Ko ayarin ya sami wurin sauka, bai sani ba. Ni ma ban sani ba. A yau danna waya kaɗai zan yi in gani, ban kuma danna ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa tsoho ne ya ruɗe, ni kuma na warware masa ruɗun ba da niyya ba. Yanzu da na kai shekarun da gwiwa ke ba da ra'ayi, ba na jin ya ruɗe ko kaɗan. Mutumin da ya yi ciniki a Assigamé ya san wasan kwaikwayo idan ya gan shi. Akwai dai wani ɗan gurbi a labarin da ba wanda ya cike, shi kuma ya shimfiɗa dardumarsa a ciki, ya tsayar da jikokin jikokinsa sahu. Ni na zo da kaset na cike gurbin, na kuma tsaya ina jiran godiya. Mahaifiyata ba ta taɓa tuna mini tambayarta ba, wanda ya fi tunin ciwo.

Har gobe ina koya wa ɗalibaina cewa hukuma ba ta da addini, ina kuma gaya musu cewa mu da ba mu ne masu rinjaye ba, wannan dokar rumfa ce a gare mu. Ban canja ba. Sai dai duk lokacin da na ji wani mai ilimi, a rediyo ko a ɗakin malamai, yana maganar masu salla da masu coci da wannan murmushin mai taushi, nakan ga akwatin gilashin nan. Tsakanin a ce ka bar abinka a gida da a ce an adana maka shi a gidan tarihi, tazarar ba ta kai yadda nake zato ba ina saurayi.

Yanzu 'yata ce mai son irin waɗannan shirye-shirye, a waya take kallo, wani lokaci in zauna kusa da ita in yi gardama a kan injin jirginsu. Kwanakin baya muna tsaka da wani, aka kira La'asar. Ta kai yatsa za ta tsayar, na ce ta bar shi ya yi ta tafiya.

Ta ce, "Baba, ai za mu rasa wurin."

Na ce na sani.

Da muka idar muka dawo, jirgin ya riga ya wuce wata duniya, wani yana kwance da bandeji. Ta ɓata fuska ta ce, "Ka gani ko? Yanzu me ya faru a nan?"

Na ce, "Salla suka tsaya yi."