Ruwan Zafin Sofiya da Gorar Kusugu

Ana sallame sallar asuba muka bar Daura, ni da abokina ɗan Zango mai fataucin riɗi. Wani dattijo da ke sayen riɗinsa ne ya gayyace shi Sofiya, babban birnin Bulgeriya, ni kuma na liƙe masa. A ƙasan akwatina akwai gorar ruwan rijiyar Kusugu. Shekara ashirin ina cika baki a majalisarmu cewa duk duniya babu gari mai rijiya irin tamu, na kuma yi alkawarin sai na sa Turawa sun amsa da bakinsu.

Daga Kano muka hau jirgi, muka sauya wani, muka sake sauya wani, har ƙafafuna suka manta aikinsu.

Dattijon ya tarbe mu da kindirmo. Jama'a, kindirmon nan ko cokali ka kafa a ciki sai ya kwana a tsaye. Na ce a raina na Fulanin Baure ya fi, amma na ƙara kwano biyu. Ya kai mu masana'antarsa, na ga riɗinmu na garin Babban Mutum an niƙa shi an yi alewa, an naɗe da takarda mai ƙyalli kamar amarya, ɗan yanka ɗaya ya fi tiya guda ta riɗin tsada. Garin kuwa ga shagunan turaren wardi, ga dogayen benaye cike da masu aikin kwamfuta, ga jirgin ƙasa yana yawo a tsakiyar titi kamar akuyar gida.

Sai ya shiga lissafa mana sunayen garin. Da can Sardika ne, sannan Siredets, wasu suka kira shi Tiriyaditsa, daga baya ya ɗauki Sofiya daga sunan wata tsohuwar coci. Turkawa sun mulke shi kusan shekara ɗari biyar. Gari ɗaya, suna huɗu! Mu Daura suna ɗaya muke ta tattali. Da suka haƙa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ma, tsohon birnin Rumawa suka tarar, suka share shi suka bar shi kowa ya gani.

Na ce ba komai, saura rijiya. Bayan Juma'a a tsohon masallacin da Turkawa suka bari, na laluba gorata a aljihun babbar riga. Kafin in fito da ita dattijon ya ja mu bayan masallacin. Famfuna ne a jere, ruwa na kwarara yana tururi, daga ƙasa yake fitowa da zafinsa, ba itace ba gawayi. Tsofaffi na cika jarkoki kyauta, babu guga babu igiya.

Abokina ya taɓa ni ya ce, “Alhaji, ina gorar taka?”

Na ce, “Wace gora?”

Ban fito da ita ba. A masauki na shanye abina ni kaɗai, ina ƙunci. Washegari na koma na cika gorar da nasu, don majalisa ta ga abin da ya kashe mini baki.

Ranar da muka dawo, bayan la'asar, na ajiye ta a kan tabarmar majalisa na ba su labarin tururi. Babban cikinmu ya buɗe, ya kurɓa, ya dube ni.

“Wannan ne ruwan zafin? Malam, ai ya fi na randar gidana sanyi.”

Aka kwashe da dariya. Na rantse har na gaji, babu wanda ya yarda. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, hassada ba ta hawa jirgi da shaidarta. Su har yau sun tabbata Kusugu ce kan gaba. Ni kaɗai nake wanka da ruwan sanyi da safe ina tuna famfunan nan, raina yana ɓaci.