Hamma Hamajoɗa, Mai Makullan da Ya Kulle Kansa a Waje

Duk wanda ya saba bin hanyar Luggere zuwa Karewa a Jimeta da sassafe ya san tsohon keken Hamma Hamajoɗa. Ƙarfe bakwai ba ta cika sai ya jingine shi a gindin darbejiyar wani ƙaramin asibiti, ya gaisa da maigadi da Fulatanci, ya gaisa da masu shara da Hausa, sannan ya shige ɗakin kati ya kunna kwamfuta. Abin da yake fara dubawa kullum ɗaya ne: wa ya shiga manhajar asibiti jiya, kuma me ya buɗe. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin nan, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni Muktar ƙaninsa ne, ubanninmu uwa ɗaya uba ɗaya. Na san za a ce na gida ne ke yabon na gida. To a ji labarin tukuna.

A shekarar 2014, da masu tayar da ƙayar baya suka koro mutanen Mubi da Michika da Madagali, asibitin ya cika har baranda. Katin takarda ya gagara, sai mai asibitin, Dokta Nwabundo, ta sa aka kawo manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Mu kuwa mutanen kirki ne, ba ma rowa. Lambar sirri guda aka yi wa kowa, aka rubuta ta a takarda aka manna a goshin kwamfuta, don kada wani ya manta ya ji kunyar tambaya. Mai ba da kati yana ganin abin da likita ya rubuta, mai ba da magani yana karanta sakamakon gwaji kamar jarida. Ba a jima ba sakamakon jinin wata mai sayar da abinci ya riga ta isa kasuwar Jimeta. Masu ciniki suka watse mata, ta tattara tukwanenta ta bar gari.

Abin ya tsaya wa Hamma a rai. Mutumin da ya fara taɓa kwamfuta da furfura a gemu ya zauna ya koyi cikin manhajar nan, har ya gano ana iya yanka wa kowa makulli daidai ƙofarsa. Mai kati ya ga suna da ranar dawowa, mai magani ya ga maganin da aka rubuta kawai, na ɗakin gwaji ya shigar da sakamako ya rufe. Bayanin da mara lafiya ya yi wa likita kuwa, sai likita da nas mai jinyarsa. Wanda ya bar aiki, ranar ake kashe makullinsa. An yi gunaguni, har aka sa masa suna Kwaɗo, irin na kulle ƙofa. Sista Keturah ta ce mini wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba, yau kuma ita ce ke koya wa sababbin ma'aikata tsarin.

Ita ce kuma ta ba ni labarin ranar da aka zo kan makullinsa shi kansa.

"Malam Hamma, kai ne oga na wannan abu," in ji Dokta da Hausarta ta Jimeta. "Naka makulli zai buɗe duka, ko?"

"A'a, Dokta. Ki bar mini yanka makulli da kashewa. Rubutun likita kuwa ki rufe mini shi, kuma ko ni na nemi in ƙara wa kaina, kada ya yiwu sai kin sa hannu."

"Why? Ni na yarda da kai."

"Ni ne ban yarda da kaina ba. Baƙo zan iya ce masa a'a. Amma ni Bafulatani ne, a gidanmu ba a ce wa babba a'a. Ran da wanda ya rene ni ya ce buɗe, hannuna zai buɗe kafin bakina ya yi magana."

Wanda ya rene shi kuwa shi ne mahaifina, Bappa Jalo, tun Hamma yana maraya ɗan shekara biyar.

Ranar ta zo bayan shekara uku. Na ga Ruƙayyatu, malamar firamare da gudun hijira ya kawo Jimeta daga wani ƙauye kusa da Mubi, na ce ita nake so. Aka shiga binciken aure kamar yadda aka saba, sai wani ya raɗa wa Baba cewa ta yi watanni a hannun masu tayar da ƙayar bayan nan, kuma asibitin su Hamma ne ya yi jinyarta da ta kuɓuta. A lokacin, wannan raɗar kaɗai ta isa ta rushe aure, ta kuma hana mace sakat a unguwa. Baba ya ce in raka shi asibiti. Na bi shi, kuma ina jin kunyar faɗa, ni ma a raina ina son in sani.

Hamma ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa.

"Hamajoɗa, buɗe mini takardar yarinyar nan in ji abin da ke ciki."

"To, Bappa," in ji Hamma, kansa a sunkuye.

Ya rubuta sunanta. Suna ya fito, da lambar kati. Ya danna wajen bayanin likita, kwamfuta ta ce ba shi da izini. Ya sake dannawa a gaban Baba, amsar ba ta canza ba.

"Ba kai ne mai makullan gidan nan ba?"

"Ni ne, Bappa. Wannan ɗin ne ba ni da shi."

"Wa ya hana ka?"

Yana iya cewa Dokta ce, magana ta mutu.

"Ni na roƙa a hana ni, Bappa. Saboda ranar yau."

Sai Baba ya tambaya a hankali, "Katina na ciwon da na zo da shi bara, shi ma haka yake a rufe?"

"Haka yake, Bappa. Ko ni ban san abin da ke ciki ba."

Baba ya ɗauki sandarsa ya fita. Sati biyu bai amsa gaisuwar Hamma ba, Hamma kuma bai fasa zuwa gaisuwa kowace safiya ba. A sati na uku Baba ya kira ni ya ce an tambayi maƙwabtanta da shugaban makarantarsu, kowa ya yabi halinta, binciken ya isa haka. Hamma ne kuma Baba ya aika ya kai goron neman auren.

Hamma, kai ne ka san inda igiyarka za ta tsinke, ka ɗaure wajen tun ba a ja ba. Ba ka yi wa Bappa tsaurin ido ba, ba ka yi masa ƙarya ba, ba ka kuma sayar da baiwar Allah da ta ba likita amanarta ba. Na gode, Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira. Ku kuma masu asibitoci da har yau lambar sirrinku ke manne a goshin kwamfuta, ku je Luggere ku same shi, daga ƙarshen watan nan yana da lokaci, kuma ba ya rowar abin da ya sani.

Abin da ke cikin fayil ɗin nan yau na san shi. Ruƙayyatu ce ta gaya mini da bakinta, shekara biyu bayan aurenmu, ranar da ta ga dama, tana tsefe wa 'yarmu kai. Da ta gama sai ta ce, "Da a kwamfuta ka karanta, da har abada ba zan iya haɗa ido da kai ba."