Anzar da ban bari ta jiƙu ba

Ni ba mai yawan waiwaye ba ne, don abin da ya wuce bai taɓa cika mini tukunya ba. Amma akwai wata rana guda da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita raina ba, ranar da na kusa kashe autata da hannuna.

Shekarar da aka rufe boda ce. Ni ɗan dako ne a Illela, baro nake turawa tun ina saurayi. Kaya su sauka daga motocin Konni in kai shago, in kwaso albasa da wake in kai bakin mota. Da aka datse ƙofar nan sai aikin ya mutu murus. Mu 'yan dako mu jera barorinmu a inuwa, mu wuni muna kallon juna. Na sayar da akuya, na sayar da rediyo, na sayar da katifa. Kafin bazara ta raba, gidana ya koma ci sau ɗaya a yini, daga baya sau ɗayan ma sai an yi sa'a. Mu shida ne: ni da mai ɗakina, yara uku, da Inna mahaifiyata.

Ban gaya wa kowa ba. In wanke rigata in tafi masallaci, a ce ya gida, in ce sai godiya. Mai ɗakina har ƙaiƙayi take zubawa a turmi ta yi ta daka, don maƙwabta su ji kamar muna da abin dakawa. A lokacin ina ganin wannan shi ne mutunci.

Inna ce ta kawo maganar anza. A ƙetaren boda aka haife ta, kuma ta ga yunwa tun tana yarinya. Ta ce, "Akwai ta dajin bayan garin Araba. Mu ita munka ci munka rayu." Anza 'ya'yan wani ɗan itace ne na daji, ƙwayarta kamar wake, ɗacinta ko akuya ba ta so. Na je na ciko rabin buhu, na rufe da ciyawa a baro kada wani ya gane. Aka sussuke, aka fidda ƙwayar, Inna ta zuba a baho ta cika da ruwa. Sannan ta nuna ni da yatsa.

"Kwana biyar cikin ruwa, ana zubarwa ana sakewa sahe da marece. Dahi gare ta. Wanda yay yi gaugawa, shi da Allah."

Wanda bai taɓa zama da abinci a gabansa, yaransa na kuka, ana ce masa sai jibi ba, ba zai gane ba. Rana ta uku Inna ta tafi ta'aziyya ƙauyen Lafani da safe. Autata, shekararta huɗu, ta daina kukan ma. Sai ta je ta tsuguna gaban bahon ta zuba masa ido. Can ta ɗago ta ce, "Baba, yau za a dahwa?"

Na ce wa mai ɗakina ta ɗora tukunya. Ta ce, "Malam, Inna ta ce biyar. Yau ukku."

Na ce, "Ni ad da gidan ga ko ke?"

Ta hura wuta. Aka dafa, aka barbaɗa gishiri da barkono. Loma ɗaya na kai na ji kamar maɗaci. Manyan yaran biyu suka ɗan taɓa suka ture. Ita kuwa autar ta yi ta ci, tana yamutsa fuska tana korawa da ruwa. Da ta cinye nata sai na tura mata nawa. Wallahi har daɗi na ji a raina, ina ganin na cika uba.

Bayan azahar ta fara amai. Sai zawo, kamar an buɗe famfo. Kafin la'asar idonta ya faɗa ciki, leɓenta ya bushe, na ɗaga ta wuyanta ya tafi baya kamar na kazar da aka yanka. Na kira ta, ba ta amsa ba. Uwarta ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Na shimfiɗa zane a cikin baron da nake dako da shi, na kwantar da ita, na kama gudu, uwarta na biye da ni. Na sha tura buhu biyu na masara a baron nan ban ji komai ba, amma ran nan da ƙyar nake tura shi. Duk ramin da taya ta faɗa sai in leƙa in ga ko ƙirjinta na motsi.

A asibiti bencin cike yake, kuma rabinsu sun san ni. Har da maƙwabcina mai shagon hatsi, wanda na yi shekaru ina ɗaukar masa kaya, ya kawo tsohuwarsa. Malamar asibiti ta karɓi yarinyar, ta ja fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta ce, "Mi tac ci?"

Na ce, "Tuwo."

"Tuwon mi?"

"Na gero."

Ta dube ni ta ce, "Malam, in ka ɓoye min, kai ka sani. Ni dai abin da ka ce da shi zan yi aiki."

To nan ne wurin da har yau in na tuna jikina yake yin sanyi. Ɗiyata na kwance, numfashinta na fita da ƙyar, ni kuwa ina tsaye ina duban fuskokin mutanen kan benci. Bakina ya ƙi buɗuwa.

Sai ga Inna ta faɗo ciki, mayafi a hannu, ashe ta dawo ta tarar da labari. Ba ta ko dube ni ba. Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji: "Anza tac ci! Anza wadda ba ta jiƙu ba! Kwana huɗu babu ƙwarar hatsi gidanmu, shi ko ga shi nan tsaye da wankakkar riga!"

Malamar ta kira wata suka rufu a kan yarinyar. Suka nemi jijiya a hannu suka rasa, suka koma ɗayan suka rasa, sai a ƙafa aka samu aka sa ƙarin ruwa. Aka fidda ni waje. Na zauna a gindin bango. Duk sanda ƙofar nan ta buɗe sai in ce shi ke nan, sun zo gaya mini. Sai da ana kiran magariba mai ɗakina ta leƙo ta ce yarinyar ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Maƙwabcina ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Shekara nawa kana ɗaukar min buhu, ka kasa buɗa baki? Katanga guda at tsakaninmu!" Washegari da safe gero daga shagonsa ya riga ni isa gida.

Yarinyar ta tashi, yanzu har tana makaranta, kuma ba ta tuna komai. Ni ke tunawa. Ban yi karatu ba, amma na koyi abu biyu a yini guda. In tsoho ya ce kwana biyar, ya ga abin da ya sami mai kwana uku ne. Na biyun ya fi ciwo: yunwa ba ta rufe mini baki ba, kunya ce ta rufe. In gidanka ba abinci, ka faɗa tun kana da wanda za ka ciyar.